Ranar da Kaka Ta Raba Maganina

Har yau in na ji ƙwayoyin magani suna kacau-kacau a cikin kwalba, kakata nake tunawa.

Zamanin Nasara ne, shekarar da aka ɗauke ni daga Bande aka sa ni lakwal, makarantar boko, a Magariya. Da kakar gyaɗa tari ya shigo ajinmu, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Na kowa ya wuce, nawa ya sauka a haƙarƙari. Likita ya ba ni fararen ƙwayoyi na kwana bakwai, aka sallame ni gida.

Kaka ta ƙulle su a haɓar zaninta. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, har na nemi tuwo. To, ka san tsofaffinmu, ko ɓarin goro ba sa ci su kaɗai. Sai ta tara yaran gida a gindin rumbu, mai tari da marar tari, ta bi kowa da ƙwaya ɗaya. Har ɗan maƙwabta ya samu.

Kafin kasuwa ta zagayo ciwon ya dawo, ya fi na da. Numfashi nake ja kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Baba ya ɗora ni a jaki, kaka na biye da ƙafa har Magariya.

Likita ya tambayi sauran maganin.

"Ɗan nan, yaya zan ba ɗaya, sauran suna kallo?" in ji kaka.

"Iya, wannan ba ƙuli-ƙuli ba ne."

Allura ya yi ta yi mini, Allah kuwa ya sa da sauran shan ruwana. Ranar da na miƙe, tsohuwar nan ta yi kuka, tana yi tana zagina wai na ba ta tsoro.

Bana jikana ya dawo daga lakwal da irin tarin nan. Maganin farko ko gezau. Likita ta ce ƙwayoyin cutar da yara ke yawo da su a hanci da maƙogwaro sun saba da shi, saboda shan rabi-rabi da ake yi. Na tuna gindin rumbu. Da kyar magani na biyu ya kama, alhamdu lillahi.

Yaron na fara cin tuwo, maƙwabciya ta leƙo neman ragowar maganin don ɗanta. Hannuna har ya kai kan kwalbar. Na janye shi, na kira musu mai babur zuwa asibiti.

Kaka, ki yafe mini. A wannan kam na yi rowa.