Jak Ɗin da Na Sayar wa Usta Idrisa

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuke wuni a rumfunan sayar da kayan aiki da bakin gareji, ku ba ni aron kunnenku. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta. Amma duk abin da zan ba ku labari ni ya faru da shi, a nan Njamena.

Kakana ya baro ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar aikin hajji. Da ya iso bakin kogin Shari sai ya kafa maƙera don ya ɗan huta, daga nan bai ƙara gaba ba. Mahaifina ya gaje shi, ni kuma a unguwar Amrigebe aka haife ni, na tashi cikin ƙarar guduma da uwar maƙera. Tun kafin in yi gemu na san ƙarfe. In na goga masa magagari sau biyu, zan gaya maka ko na kirki ne ko tarkace. Sai dai na raina sana'ar gidanmu. Ina ganin ƙira wahala ce da baƙin hannu, ni kuwa farar shadda nake so.

Haka na roƙi aiki a rumfar Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kano yana sayar da sifana da filaya da zarto da jak na ɗaga mota, wanda mutanen garin nan suka fi kira kirik. Alhaji mutum ne mai tsoron Allah. Kayansa kashi biyu ne: tsofaffin kayan Turai da aka yi aiki da su a can aka kawo, da kuma sabbi masu araha da ke shigowa ta garin Kuseri na bakin iyaka a buhunhuna. Makanikai sun fi yarda da tsohon na Turai, ko da ya yi baƙi, a kan sabon mai sheƙi. Kuɗin tsohon ma ya ninka na sabon.

Wata rana Alhaji ya tafi masallaci, wani makaniki ya zo ya ɗauki sifana mai araha da ta faɗa cikin baƙin mai ta yi dauɗa. Ya juya ta, ya ce, "Wannan ta Turai ce ko?" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na yi murmushi kawai. Ya biya kuɗin ta Turai ya tafi. Wallahi abin da ya fara kai ni gidan yari ke nan, murmushin nan.

Bayan kwana biyu sai na fara zuba sabbin sifanu cikin baƙin mai da kaina. Daga nan na koyi binne su cikin rairayi, in ɗan gasa su a wuta, in kankare rubutun jikinsu. Na je wurin mai yin hatimi ya yi mini haruffan ƙarfe, na riƙa buga musu sunan ƙasar da ba su taɓa zuwa ba. Ilimin da mahaifina ya ba ni don in ci halal, shi na juya na zama gwanin tsufantar da sabon kaya.

Alhaji bai daɗe ba ya gane. Ya kira ni bayan rumfa, ya ɗaga wata sifana da bakinta ya buɗe kamar na kada, ya ce, "Ɗana, wannan daga rumfata ta fita?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara ashirin ina gina suna, ba za ka rushe mini shi da baƙin mai ba. Je ka, Allah ya shirye ka." Bai kai ni ƙara ba, bai gaya wa mahaifina ba. Da ina da hankali da nan na tsaya. Maimakon haka sai na ga ƙofa ce ta buɗe mini.

Na kafa teburina a unguwar Habbena. Lokacin gari ya fara cika da motoci, gareji na buɗewa ko'ina, kowa na neman kayan aiki. Na sayi babur, na ɗinka shaddar da nake buri. In sifana ta karye aka dawo mini da ita, sai in ce, "Kai ne ka sa mata bututu ka danna da ƙafa." Galibi kuwa haka suke yi, sai su tafi suna ganin laifinsu ne.

Sannan na shiga harkar jak. Akwai wasu masu ƙaton jiki amma ƙarfensu siriri, an rubuta musu tan biyar. Sai in rufe rubutun da fenti ja mai duhu, in bubbuge su kaɗan su yi kama da waɗanda suka sha aiki, in rubuta tan goma sha biyu. Na san abin da nake yi. Na san mutum ne zai kwanta a ƙarƙashinsu. Amma duk lokacin da zuciyata ta taɓa ni sai in ce, ai kowane makaniki yana saka kututture bayan ya ɗaga mota.

Usta Idrisa babban makanikin manyan motoci ne a unguwar Mursal, dattijo mai fara'a, wanda ya san mahaifina. Shi ya sa yake kirana ɗan maƙera. Ya zo teburina wata safiya, ya dafa jak ɗaya, ya ce, "Ɗan maƙera, kai ka san ƙarfe. Wannan zai ɗauki tipa?" Na dubi idonsa na ce, "Usta, har da kayanta." Bai ko yi ciniki ba.

Bayan mako uku, da rana tsaka, ina shan shayi sai ga jandarmomi biyu da makanikai sun fi goma. Ɗayansu ya jefo jak ɗin gabana, ya tsage daga gindi, jan fentin ya ɓare, tsohon rubutun tan biyar yana leƙowa. Aka ce tipa ta sauko wa Usta Idrisa a hannun dama. Da ba don jandarmomin ba, da a wurin aka gama da ni. Suka bincika ɗakina suka sami haruffan ƙarfe da gwangwanayen fenti. Ba abin da zan musa.

A kotu mahaifina ya zauna a bencin baya, bai ɗago kansa ba har aka yanke mini shekara uku. Ba zan tsawaita muku zancen gidan yari ba. Zafi ne, da cunkoso, da ƙwarƙwata, da tuwon da ba ka san da me aka yi shi ba. Abokan shan shayina ko ɗaya bai leƙo ni ba.

Na yi kamar wata takwas a ciki, ranar ziyara aka ce ina da baƙo. Na fito, sai na ga Usta Idrisa tsaye, hannun rigarsa na dama a naɗe, yatsu biyu kawai suka rage masa. Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Usta, ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Tashi. Ba yafiya ta kawo ni ba, zuciyata ba ta kai can ba tukuna. Tambaya na zo yi. Shekara talatin ina riƙe ƙarfe, ka cuce ni ina kallo. Yaya ka yi?"

Ya ƙara da cewa, "Gaya mini duka. Kasuwa ta cika da irinka, kuma akwai mutane a ƙarƙashin motoci yanzu haka."

Na gaya masa. Yadda ake tsufantar da sabo, yadda rubutun da aka buga da hannu ba ya daidaita, yadda magagari ke cin mugun ƙarfe kamar sabulu amma ya zame a kan na kirki, inda za a duba walda a gindin jak. Yana saurare yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya ce, "Ni ma ban sa kututture ba ranar nan. Na yarda da maganarka ne." Wannan kalma ta fi mini hukuncin alƙali zafi.

Ya ci gaba da zuwa, wani lokaci da sifana a aljihu, ya nuna wa mai gadi, ya miƙo mini in duba. A nan na fara salla a kan lokaci, na yi wa Allah alkawari cewa in na fita ba zan ƙara yi wa ƙarfe ƙarya ba.

Da aka sake ni ba wanda ke son ganina. Usta Idrisa ne ya ajiye mini benci a gefen garejinsa, da magagari da ƙaramar guduma. Ya shaida wa makanikai cewa duk wanda zai sayi kayan aiki ya kawo a duba masa kafin ya biya. Da farko dariya suka yi. Wani ya ce, "Usta, ka ba kura ajiyar nama?" Ya amsa, "Kura ce ta san inda kura ke bi." A hankali suka fara zuwa. Na mayar da kaya da yawa, na kuma ce a sayi da yawa, har da masu araha. Domin gaskiya ita ce, ba duk mai araha ne mugu ba. Akwai sifanar da za ta yi wa mai gyaran babur shekara biyar, amma ta karye ranar farko a hannun mai gyaran tipa. Aikina shi ne in gaya wa mutum iyakar abin da kayan za su iya.

Jarrabawata ta gaske ta zo lokacin da aikin man fetur ya buɗe a kudu, manyan motoci suka yi yawa. Wani attajiri ya shigo da jak masu ɗimbin yawa daga ƙasar waje, kowanne an manna masa takardar tan ashirin, kuma a kan farashi mai sauƙi. Masu gareji na Mursal suka yi shawarar su haɗu su saya gaba ɗaya, amma suka ce sai na duba. Ina ɗaga guda ɗaya na ji nauyinsa bai kai ba.

Attajirin ya zo ya same ni ni kaɗai a benci. Ya ce, "Ya akhuy, ɗan'uwana, na san tarihinka, na san ba ka da komai. Akwai sabon babur a shagona. Ka ce suna da kyau, khalas, shi ke nan." Ba zan yi muku ƙarya ba, na ga babur ɗin a idon zuciyata. Lokacin a ƙafa nake zuwa aiki daga Amrigebe. Amma na ɗaga kai na hango Usta Idrisa yana fama da kunce noti da hannun hagu. Na ce, "Alhaji, ni ba zan ce komai ba. Gobe da safe mu bar tipa ta yi magana."

Washegari aka taru a filin bayan gareji, makanikai da direbobi har da masu wucewa. Aka kawo tipa cike da yashi. Na ce kowa ya ja da baya, kada wanda ya kusanci ƙarƙashinta, na jera kututture a inda za ta sauko in jak ya gaza, na sa jak ɗin na fara bugawa. Tayar ta ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Attajirin ya yi dariya ya ce, "Kun gani?" Na ce a dakata. Ba a fi minti biyu ba sai muka ji tsss, mai ya feso, tipar ta sauko a kan kututture da ƙarar da ta sa kowa ya zabura. Sai fili ya ɓarke da kabbara.

Wasu suka fara zagin attajirin, na hana su. Na ɗauko wani jak daga cikin kayansa, na sa a ƙarƙashin wata tasi, na ɗaga ta, na bar ta tsaye har muka gama gardama ba ta motsa ba. Na ce, "Alhaji, kayanka ba su da laifi, takardar ce ke ƙarya. Ɓare ta, ka rubuta abin da suke iyawa, masu ƙananan motoci za su saya." Ya tafi yana huci. Amma bayan mako guda ya aiko a kira ni, muka ɓare takardun tare, kuma kafin damina ta wuce ya sayar da su duka.

A filin nan kuwa, ranar gwajin, kafin jama'a su watse, Usta Idrisa ya kamo kafaɗata da yatsunsa biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, yau na yafe wa ɗan maƙera, duniya da lahira." Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Yau ina da shagona a Mursal, na yi aure, kuma daga Habbena har hanyar Kuseri in ana gardamar kayan aiki, ni ake cewa a kai wa. Ina sayar da mai tsada da mai araha, kowanne ina faɗin iyakarsa kafin a biya. Wanda ya ce in ba shi ƙaramin jak don babbar mota, ba na sayarwa ko da zai ninka kuɗin.

To, 'yan uwana, ga nasihata. In kana sayar da kayan aiki, ka sani hannun mutum da ransa ne ke rataye a kan kalmarka. In aka tambaye ka, ka amsa da gaskiya, ko da mai saye zai wuce rumfar gaba. In kai ne mai saye, kada ka ji kunyar sayen daidai ƙarfinka, amma kada ka ɗora wa kaya abin da ya fi ƙarfinsu, kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota ba kututture, ko wa ya sayar maka da jak. Ni Allah ya ba ni dama ta biyu, na samu suna da rufin asiri fiye da yadda na taɓa zato. Amma duk nasarar da na samu ba ta mayar wa Usta Idrisa yatsunsa uku ba. Ku fara da gaskiya tun yau, don kada wani ya biya kuɗin shiriyarku da hannunsa.