Turmin Inna da Madubin Wata

Ranar wata Lahadi, ana cin kasuwar Tawa, a shekarar da na faɗi jarrabawar satifika, na shiga shagon Kawu Ilu mai hoto da faifan gilashi naɗe cikin tsohon zanen Inna. Tun kaka nake gurzar gilashin nan. Wani mushe ne, malaminmu a lakwal, ya gaya mana cewa in aka goga gilashi mai kauri a kan ɗan'uwansa, da ruwa da garin dutsen wasa, na saman zai yi ƙwarya, ya zama madubin da ke jawo wata kusa. Ƴan aji suka yi dariya, ni kuwa na riƙe.

A ɓoye nake aikin, domin Baba ya rantse in ya sake ganina da gilashi maimakon fartanya zai fasa shi. Sai na kife tsohon turmin Inna, ya zama teburin gurza, a lungu, tsakanin rumbu da katanga, inda mutum ɗaya ke shiga da ƙyar. In na ɗebo ruwa na ba tumaki harawa, sai in sulale can, yayin da abokaina ke langa a ƙofar gida. Da gurza ta ƙare na goge shi da kwalta da jan garin da wani Buzu maƙerin azurfa ya ba ni, har ya yi sheƙi.

Kawu ya rufe shago don mu gwada madubin, duhu ya cika. Muka jingina madubin a can ƙarshen ɗaki, ya kunna tocilar da aka toshe bakinta sai ƴar huda, ya kafa reza inda hasken ke dawowa, ya ajiye kamara bayanta. Mushen ya ce madubi mai kyau kan dushe gaba ɗaya in reza ta yanki haske. Nawa ya fito a allon kamara da inuwa a karkace, gefe fari, gefe baƙi.

"Wanga madubi naka bakin raƙumi ne, ɗana," in ji Kawu.

Na ce kamararsa ce ta tsufa. Allah ya yafe mini, har na ce bai iya komai ba sai ɗaukar amare. Ya juya madubin, ya sake ɗauka, inuwar ta juya tare da shi, ashe laifin ba na kamara ba ne. Sannan ya tambaye ni ko ina zagaya turmi in ina gurza. Na ce a'a. A lunguna babu wurin zagaye, kullum daga gefe guda nake danna shi.

Washegari da hantsi na mirgino turmin zuwa tsakar gida, inda Inna ke sussuka, na fara aikin daga farko. Ƙannena suka bi ni suna waƙa, wai na zama raƙumin matsar mai. Baba ya dawo daga gona ya tsaya kaina. Ban daina zagaye ba. Na ce, "Baba, in za ka fasa, fasa shi nan. Ba ni komawa lungu."

Sai ya ce, "Noma tukuna. In ka gama kuyyarka, ka yi ta haukarka."

Kafin damina ta tsaya, kamarar Kawu ta nuna madubin ya dushe bai ɗaya. Ban sami abin shafa masa azurfa ba, amma wata na da hasken da ya isa. Bayan Magariba Baba ya leƙa bututun kwalin da na haɗa wa madubin, ya ga ramuka a jikin wata, ya ce, "Ashe shi ma gonarshi duk duwatsu ce, kamar tamu."

Yau ɗana na jawo wata da yatsa biyu a waya, ya wuce. Baba da Kawu sun rasu, turmin ya tsage. Madubin na nan, kuma ban taɓa mayar da shi lungu ba.