Ƙafar Baba Arzika da Ranar Suna

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo mana Baba Arzika a kan amalanke ba, jini na zuba daga ƙwaurinsa, shi kuwa sai dariya yake yi. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin sha-ka-tafi, a ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Goronyo. Mu biyu ne ma'aikatan, ni da shugabarmu Hajiya Luba, wadda muke kira Incaji. Babu likita a wurin, amma duk garin "likita" suke ce mana, mu kuma ba mu taɓa hana su ba.

Baba Arzika manomin albasa ne. Ɗansa Bello ya daɗe da aure ba haihuwa, har mutane sun daina tambaya. Ran nan yana tsakiyar ban-ruwa a fadama aka kai masa albishir cewa matar Bello ta sauka, an samu namiji. Tsoho ya manta da shekarunsa, ya daka tsalle zai ƙetare hanyar ruwa, ya faɗa kan bakin shebur.

Na wanke raunin, na ɗinke, na yi masa allurar rigakafi. Ga wanda ba aikinsa ba ne, zafin rauni irin wannan na 'yan kwanaki ne. Ana ba da maganin rage zafi a sha kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, kuma kullum ya kamata zafin ya riƙa ja da baya. In bai ja ba, to akwai abin da ke ɓoye. Na ba shi farasitamol da ibufurofen, na ja masa kunne cewa na biyun sai bayan cin abinci. Ya karɓa ya zuba a aljihu, hankalinsa na kan jika.

Ana saura kwana kaɗan suna sai ga shi ya dawo, Bello na riƙe da shi. Dariya ta tafi, idanu sun yi ja.

"Likita, wagga ƙahwa ba ta bari in yi kwana," in ji shi.

Na buɗe raunin. Tsaf yake, ba ruwa, ba wari, jikinsa kuma ba zafi. Na ce, "Baba, maganin fa?"

"Magani mai kyau na, wallahi. Kowa na yaba shi."

Incaji ta zo ta duba da kanta. Ta ce in mutum na shan wannan magani zafi bai sauka ba, ko ƙashi ya tsage ko mugunya ta taru can ciki, kuma mu ba mu da abin ɗaukar hoto. Dokar aiki ita ce a tura shi babban asibiti a Sakkwato, inda mai yiwuwa su ba shi gado.

Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta canza haka ba. Ya ce, "Hajiya, shekara da shekaru ina jiran wanga yaro. In anka raɗa mai suna ba ni nan, mi ya rage min?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Sannan maganarsa ta tsaya mini a rai. Shi na ba magani, to su wane ne masu yabawa? Na ja Incaji gefe na roƙe ta ta bari in leƙa gidansa tukuna.

"Na ba ka zuwa gobe da safe," in ji ta. "Amma zazzaɓi na shigowa, mota zai shiga, ko da ragon suna na kwance gaban mahauci."

Bayan la'asar na tafi. Zaure cike yake, don gaisuwa biyu ta haɗu a gida ɗaya, ga barka ga dubiya. Baba na kishingiɗe a tabarma, ƙafa a kan matashi. Na samu gefe na zauna. Ba a jima ba wani tsoho mai suna Nomau ya shigo, ya durƙusa da ƙyar yana dafe da ƙugu.

"Nomau, bayan nan dai bai bari ba?" in ji Baba.

"Ina hwa! Tun dashen albasa nika hama."

Sai Baba ya sa hannu ƙarƙashin matashi, ya zaro ledar maganin da na ba shi, ya ɓallo ƙwaya ɗaya. Ya duba ya ga saura kaɗan, ya sa farce ya raba ta biyu kamar goro, ya miƙa wa Nomau rabi, ya miƙa wa na kusa da shi rabi. Suka yi godiya, suka haɗiye ba ko ruwa.

Na ce, "Baba! Kai nawa ka sha?"

"Na ranar hwarko dai na sha."

"Sauran fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin yin sallama. "Haba likita. Mutum ya taso tun daga Gandi don ya gaishe ni, ya ce min kainai na ciwo, ga magani ƙarƙashin kaina, in yi shiru? Da wane ido zan dube shi?"

Na so in yi faɗa, dariya ta riga faɗan fitowa. Muna can muna neman cuta a ƙashin mutum, ashe rabin tsofaffin unguwa ne ke jin sauƙi a madadinsa. Amma abin ba na dariya ba ne duka. Na tambayi waɗanda suka sha, ashe Nomau na da gyambon ciki, kuma ya ce tun jiya cikinsa ke zafi. Na yi musu bayani cewa ƙwayar da ta yi wa wani daidai tana iya huda cikin wani ko ta taɓa masa ƙoda, na ce duk mai ciwo ya same ni da safe a duba shi. Nomau kuwa tare muka koma asibiti a ranar, aka ba shi abin da ya dace da shi.

Saura Baba. Na san in na sake damƙa masa magani, kafin isha ya ƙare. Bello ya matso ya raɗa mini, "Ka ba Inna Kulu. Ko gishiri ba ya hita hannunta sai da dalili." Aka kira ta, uwargidan Baba, bakin ƙofa, na yi mata bayanin lokuta da batun abinci. Ta ƙulle maganin a haɓar zane ta ce, "Ka tahi abinka, ɗana. Wanda duk ka son magani, shi zo shi kwance."

Da safe Baba ya aiko cewa rana ce ta tashe shi. Incaji ta je ta sake duba ƙafar, ta danna ƙashin bai zabura ba, ta ce ya zauna gida amma in riƙa leƙa shi. Da na ba ta labarin zaure ta yi dariya har da hawaye.

Abin da na koya, wanda nake gaya wa kowane sabon ma'aikaci, shi ne a ƙasarmu ba mutum ɗaya kake ba magani ba, gida kake ba, har da maƙwabta. Mutanenmu ba su iya cin abu su kaɗai ba, kuma ina son su don haka. Saboda haka kafin ka miƙa leda, ka san hannun da zai riƙe ta.

Ranar suna da hantsi na je. Baba Arzika na tsaye da ƙafarsa cikin babbar riga, shi ya matsa kusa da liman ya faɗa masa sunan, shi ya raba goro. Ina kusa da shi wani baƙo ya sunkuyo ya ce haƙori na damunsa, ko akwai saura.

Baba ya ce, "Ɗan'uwa, ga likita nan. Ni kaina sai na nuna wa Kulu kwanon tuwo wayam kahin ta ba ni guda."