Inna Gefe da sabon tanderu

Shekara ashirin da tara Inna Gefe ta yi a kicin ɗin masaƙa, ba ta taɓa dafa babban abinci ba. Nama na wasu ne, shinkafa ta wasu ce. Nata shi ne ɗan abin da ake ajiyewa a gefen faranti, daga nan sunan ya samo asali, kuma ko a jikinta. In zafi ya shigo, kayan lambu suka cika motar da ke kawo cefane, sai ta hau gasa tirenta: siririyar koriyar kabewa, da yalo, da tumatir, da albasa, a jere kamar 'yan makaranta, cuku a sama. Masu saƙa ɗari uku ke cin abincin rana a wurin, kuma akwai waɗanda ke barin namansu ya huce sai sun gama da na gefe.

Ba ta gaggawa. Takan yanka kabewa da yalo fale-fale, ta shimfiɗa a kan farin ƙyalle, ta barbaɗa gishiri, ta bar su su yi gumi. Wanda ya tsallake wannan, in ji ta, miya zai fitar daga tanderu. Sannan ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wa tire mai da tafarnuwa, ta jera, ta goga cuku, ta watsa garin busasshen burodi. Agogo kuwa ba ta san da zamansa ba. Kunne take karawa kusa da ƙofar tsohon tanderun. Da farko tiren yakan yi ta ɓararraka, surutu ba kai ba gindi. Can sai muryar ta yi ƙasa ta koma raɗa, cukun ya fara ƙas-ƙas a baki-baki. To nan ne.

A layin karɓar abinci ta samu miji, wani masaƙi mai shiru-shiru da ya shekara guda yana cewa, "A ba ni na kusurwa," kafin ya iya faɗin wata magana ta biyu. Ya rasu shekara shida ke nan. Har yau in ta yanka tire, kusurwar take fara cirewa ta ajiye, ta rasa wa za ta ba, ƙarshe ta cinye abinta a tsaye.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne idonta yana tafiya. A hankali ya fara, kamar tururi a gilashi. Yanzu tumatir jan haske ne kawai da ke yawo a kan katako, fuskokin masu saƙa suna zuwa suna wucewa kamar fitilu cikin ruwa. Wani lokaci abin har daɗi yake mata: ƙurar auduga ta taso a hasken taga, sai ta ga kicin ɗin gaba ɗaya yana lilo, ta ga wani mai shiru-shiru a ƙarshen layi riƙe da faranti. Amma ta san doka. Wanda ba ya gani ba ya tsayawa kusa da wuta. Kuma ta san abin da ke jiranta a gida: ɗaki ɗaya, kujera biyu, da firijin da ke gurnani shi kaɗai. Tsoron ɗakin nan take ji fiye da tsoron makanta.

Ran wata Litinin ta shigo ta tarar an fitar da tsohon tanderun. A gurbinsa wani dogon abu ne mai santsi, ba maɓallin murɗawa ko ɗaya, sai wasu korayen lambobi da suka narke mata suka zama tabo guda. Shugabar kicin, wadda a haife Inna ta haife ta, tana ta yabon sa: shi zai auna zafi, shi zai ƙirga lokaci, shi zai yi ƙara in ya gama.

Inna ta yi aikinta yadda ta saba, sai dai gishirin ya daɗe a hannunta. Ta tura tire ciki, ta rufe, ta kara kunne. Shiru. Ƙofar mai kauri ce, ko numfashi ba ya fita. Ta ɗaga yatsa wajen koren tabon ta tsaya, ba ta san ina za ta taɓa ba. Bayanta Dogo mai wanke-wanke ya kashe famfo. Zuciyarta ta ce yau dai ƙarya ta ƙare.

Sai ga Shugaba a kafaɗarta, tana goge hannu, ta hau danna lambobin tana magana kamar da kanta take. "Bari in ga abin nan ko yana jin magana. Ɗari da tamanin... minti arba'in. Haka ne, Inna?"

"Haka ne," in ji Inna, da ƙyar.

A tsayen nan abubuwa suka fara dawo mata. Kwalbar gishiri da wani ya ɗaura wa roba a wuya, ta sukari kuma ta koma can saman kanta. Wuƙarta da kullum take samu a wuri ɗaya, bakinta na kallon bango. Dogo da yakan ce wa iska, "Kai, na jiƙa ƙasa a bakin ƙofa," duk lokacin da za ta wuce. Ita da ta ɗauka wayonta ne ya kawo ta yau.

"Tun yaushe kuka sani, 'yar nan?" in ji Inna.

"Tun ranar da kika zuba wa yalo sukari. Bara waccan."

"Kuka yi shiru? Aka ci?"

"Tas. Dogo har ƙari ya nema."

"Ni fa na zaci sabon salo ne," in ji Dogo, ya sake kunna famfonsa.

Kunya ta rufe ta, sai kuma wani sanyi ya bi ta har ƙafa.

Da minti arba'in suka cika, tanderun ya yi ta ƙara yana neman a yaba masa. Shugaba ta sa safar hannu za ta jawo tire.

"Tsaya. Ɗan buɗe min kaɗan."

Aka buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Zafi ya daki kumatunta, ƙanshin tafarnuwa ya biyo baya, ta rufe idon da dama ba ya mata aikin komai. Tiren na nan yana ta ɓararraka.

"Bai gama surutu ba. Mayar."

Shugaba ta dubi lambobin, ta dubi Inna, ta rufe ƙofar. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa har muryar ta koma raɗa.

Da ta yanka, ta cire kusurwar ta ɗora a ƙaramin faranti, ta miƙa wajen da ta ji numfashin Shugaba.

"Gobe ƙarfe nawa za ki karanta min lambobin nan?"

"Goma da rabi, Inna. Kullum."