Durƙuson da Na Yi a Bakin Teku

Rake ne ya kai ni China. Aikina a sashen noma shi ne bin ƙungiyoyin mata masu dafa mazarƙwaila, daga Hunkuyi har ƙauyukan Makarfi. Da aka ce za a tura wasu ma'aikata kudancin ƙasar su ga yadda ake sarrafa rake a can, sai sunana ya fito. Ni kaɗai ce mace a tawagar.

Tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu da 'ya'yana biyu, don haka izinin tafiya a hannun Baba yake. Baba kuwa shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Duk ranar da ciwon ƙafar liman ya motsa, Baba ke jan salla, ga shi liman ya tsufa, ƙafar kullum a motse take. Baffa, yayan Baba, ya tako har zaure ya ce sam bai yarda ba: mace, ba muharrami, a ƙasar da ba a san Allah ba. Baba ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Yaya, a bar ta ta je. In wani abu ya faru, ni za a tambaya." Ina bayan ƙofa na ji, har na taka 'yar rawa.

An nuna mana injuna, an nuna mana gonakin rake da ido ba ya ganin ƙarshensu. Da aka gama sai masu masaukinmu suka ce ba za mu koma gida ba mu ga gari ba, suka kai mu wani tsibiri da ake kira Hainan. Aka raba mana jajayen huluna iri ɗaya don kada mu ɓace. Na ɗora tawa a kan hijabi, abokan tafiya suka yi ta dariya, na ce su fara duba nasu kawunan tukuna. Tafintarmu wata siririyar yarinya ce mai fara'a, tana gaba da 'yar tuta a hannu, mu muna binta kamar 'yan firamare.

Gaskiya na ga abin kallo. Ni da babban ruwan da na sani shi ne fadama in ta cika da damina, sai ga ni a gaban teku, yana zuwa yana komawa, yana lasar mini ƙafa. Yashin fari sol. Na sha ruwan kwakwa daga cikin ƙwaryarta. An saka mu a wani akwatin ƙarfe da ke rataye a jikin igiya, ya ratsa da mu ta saman ruwa zuwa wani tsauni da birai suka cika, ina ta salati, ina leƙen gidajen masunta da ke yawo a kan ruwa can ƙasa. Wani biri ya fizge wa shugaban tawagarmu hula, mutumin da ko gaisuwa ba ya amsawa a ofis ya bi biri da gudu yana roƙo. An kai mu wasu manyan duwatsu a bakin ruwa da aka yi wa jan rubutu, tafinta ta ce mutanen dā nan suka ɗauka ƙarshen duniya. Har gidan abincin Musulmi aka kai mu, na ci kifi hankali kwance.

Wuri na ƙarshe shi ne wani ƙaton farin gunki da aka gina a cikin teku, mai fuska uku, tsawonsa sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi. Na tsaya daga nesa, ban karɓi turaren da ake miƙa wa baƙi ba. Ina nan tsaye sai ga tafinta ta riƙo hannun wata 'yar tsohuwa, ƙarama, ta ranƙwafa, kai fari fat. Ta ce kakarta ce, a kusa take zaune, ta ji jikarta na yawo da baƙi daga nesa shi ne ta ce sai ta gan mu. Tsohuwar ta gaji, ta zauna a kan wani ɗan dakali.

Ban yi shawara da kaina ba. A gidanmu ba a tsayawa ƙerere a kan tsoho. Ƙafata da kanta ta zare takalmi, gwiwata ta kai ƙasa, na miƙa hannu biyu na kama nata, na ce, "Sannu Kaka, mun same ku lafiya?" da Hausa, kamar za ta ji. Ta yi ta dariya ba haƙori, tana shafa mini kumatu. Daɗi ya kama ni, har na ce a raina yau na nuna musu tarbiyyar Hunkuyi.

Ashe mai hoton da aka ɗauko mana yana bayana. Kuma ashe tsakaninsa da tsohuwar akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da ake ƙona turare a ciki, ta rufe ta ruf. Da yamma aka turo mana hotunan gaba ɗaya, ni ban ma buɗe su ba. Wani abokin aikina ɗan Ikara, dattijo a cocinsu, mutumin kirki, ya kwashe su duka ya watsa a shafinsa don 'yan gida su ga mun ci gaba. Ko dubawa bai yi ba.

Sai da muka sauka Kano na kunna waya, na ga ƙanwata ta turo mini hoto ɗaya, ba ko kalma a ƙarƙashinsa. Ga ni nan a durƙushe, takalmi a gefe, hannuwa a miƙe, hayaƙin turare na tashi, farin gunki a gabana. Babu tsohuwa. Ni kaina da na kalla sai da na sake dubawa. Da wata ce a hoton, wallahi da ni ma na yi salati na tura wa wani.

Daga Kano zuwa gida ban ɗaga kai ba. Na shiga unguwa da akwatin tsaraba, matan da suka raka ni mota da guɗa suka amsa sallamata a ciki-ciki. Wata maƙwabciya ta ce, "Sannu da zuwa, an dai ga duniya," ta ja ɗanta ciki. Inna ce ta gaya mini sauran a ɗaki. Hoton ya riga ni isowa, ya zaga wayoyin masallaci. Ranar da liman bai fito ba, an tayar da iƙama, Baba ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba, sai wani ya yi gyaran murya ya ce a dakata tukuna har a ji bayani. Aka tura surukin Baffa ya ja sallar. Baba ya koma sahu.

Na yi kuka, sannan na fusata. Na rubuta wa tafinta, cikin ikon Allah ita ma ta ɗauka da wayarta daga gefe. Ta turo: ga tsohuwa ƙuru-ƙuru a kan dakali, hannunta cikin nawa, gunkin ma can gefe yake. Na ruga zaure da waya.

"Baba, ga shi. A kai masallaci a nuna musu. A fara da Baffa."

Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini.

"Na gani."

"To a nuna musu mana, Baba."

"Ke, je ki ci abinci."

Ni ce 'yar fari. Tunda nake Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutane ba, ko faɗa na yi da yaran maƙwabta ni ake duka. Haka ake yi da ɗan fari a wajenmu, kunya ce, kowa ya sani. Ranar da ya tsaya mini a gaban Baffa ma da ƙyar maganar ta fito, shi ya sa ya ɗora abin a kansa, bai ce ya yarda da ni ba. Yanzu in ce ya ɗauki waya ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana wanke 'yarsa ta fari? Inna ta ce, "Gara ki ce ya tuɓe riga a kasuwa."

Na tura hoton da kaina duk inda hannuna ya kai. Mata suka gani, wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce yanzu ai waya ba abin da ba ta haɗawa. Abokin aikina ya hau babur tun daga Ikara ya zo ba da haƙuri, idonsa jawur, ya ce a kai shi gaban kowa zai faɗi abin da ya gani. Baba ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa fura, ya raka shi har bakin hanya. Amma a masallaci ba bayanin mace ko na baƙo ake jira ba. Wanda ya ce a tambaye shi, shi ake jira, shi kuma ya kulle bakinsa. Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji kunyar jin haushin. Mutum ya kai wannan shekaru yana tsare mutuncinsa, ni na je kallon birai na zubar masa da shi. Jar hular nan a murhu na cusa ta.

Wata ranar Laraba gab da magariba ina shara a tsakar gida, Baba yana alwala a bakin rijiya. Bai dube ni ba ya ce, "Tsohuwar nan, ta amsa gaisuwar?"

Na ce, "Ta amsa, Baba. Har kumatu ta shafa mini."

"To madalla."

Ya saka hula ya fita. Liman bai fito ba ranar. Na ji an tayar da iƙama a lasifika, na tsaya da tsintsiya a hannu ina jiran in ji muryar da za ta yi kabbara. Ta surukin Baffa ce. Ya karanta Fatiha, ya kama sura, a tsakiya ya kakare. Ya koma baya, ya sake kakarewa a wuri ɗaya. Masallaci ya yi tsit. Can sai na ji wata murya daga nesa da lasifikar, ƙasa-ƙasa, ta ɗora masa ayar. Muryar Baba ce, daga cikin sahu. Mutumin ya karɓa ya ci gaba.

Inna tana kan tabarmar salla a ƙofar ɗakinta, ita ma ta ji. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban iya kallonta ba. Na jingine tsintsiyar na ɗauki buta.