Ranar da Motar Iliyasu Ta Shaƙe a Tsakiyar Titi

Iliyasu Jaji mutumin wani ƙauye ne da ke bakin babban kanal, tsakanin Bunkure da Kura. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa tarakta, yana yi wa masu noman rani haro da kaftu. Da ciwon baya ya matsa masa, sai ya haƙura da tarakta ya sayi wata tsohuwar wagon 'yar Kwatano, ya shiga jigilar mutane da kaya. Agogon da ke ƙirga tafiyar motar ya tsaya tun kafin ta zo hannunsa, a kilomita dubu ɗari huɗu da wani abu. Abin da ta ci bayan nan, Allah kaɗai ya sani.

Ba mai gudu ba ne, don haka mata masu turara shinkafa suka fi son motarsa. Kullum da safe zai bi ƙauyuka ya kwashe su da buhunansu ya kai su injinan casa a Kura. Wuri ɗaya ne kawai ke neman zafin nama a duk hanyar: inda hanyar Bunkure ta ɓullo kan titin Kano zuwa Zariya. A nan dole direba ya tsaya, ya leƙa, in ya ga sarari ya taka totur ya tsallaka da sauri, don tireloli ba sa rage gudu saboda kowa.

A farkon rani motar ta fara wani hali. In ya taka totur daga tsaye, sai ta yi kamar an shaƙe ta, ta yi jim, sannan ta fizga gaba. Ba kullum take yi ba. Sai ta yi kwana uku lafiya lau. Ya ce wa kansa ai man bumburutu ne, ya daina saye a galan. Ba ta daina ba. Bai gaya wa kowa ba.

Wata Laraba da hantsi ya ɗauko mata biyar da buhu shida na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. A gaba kusa da shi akwai Rauda, wata dattijuwa da ta fi shekara huɗu tana bin motarsa, da jikarta a cinya. Ya tsaya a bakin titi, ya hango wata tirelar siminti can nesa. Ya auna da ido, ya ga zai wuce. Ya saki kuloci ya taka.

Motar ta shiga titi da rabin jikinta, sai ta shaƙe.

Ya ƙara takawa har ƙasa. Babu komai, sai injin yana karkarwa kamar zai mutu. Tirela ta saki oda mai tsawo. Ya juya ya ga gabanta yana girma a tagar Rauda, har yana iya ganin direban ya miƙe a kujerarsa. Matan baya suka ɗauki salati. Rauda ta kife a kan jikarta. Shi kuwa kalmar shahada ma ta ƙi fitowa daga bakinsa.

Sai motar ta fizga. Ta yi tsalle ta haye tsakiyar titi, iskar tirela ta girgiza su, ƙaurin tayarta ya cika musu hanci. Buhun da ke ɗaure a bayan but ya yage, shanshera ta watse a kan kwalta.

Ya faka a ɗaya gefen. Rauda ta ɗago ta dube shi.

"Malam Iliya, yau ta fara yi maka haka?"

Ya so ya ce eh. Ya dubi yarinyar da ke cinyarta, wadda ko kuka ba ta yi ba don ba ta san abin da ya faru ba.

"A'a, Hajiya. Ta kai wata guda."

Rauda ta buɗe ƙofa ta sauka. Sauran matan suka bi ta. A Daidaita Sahu suka ƙarasa.

Kwana huɗu bai ɗauki fasinja ba. Matarsa Barira ta lura ko tuwo ya sa a gaba sai ya tsura masa ido, in babur ya yi oda a waje sai ya zabura.

"Malam, in motar ce ka rabu da ita mana," in ji ta.

"In sayar wa wa? Wanda ya saya shi ma mutane zai ɗauka."

Ya kai ta gareji biyu. Na farko ya canja fulogi. Na biyu ya ce famfon mai ne, ya sauke tanki ya wanke, ya sa sabon famfo. Kowannensu zai tada mota, ya yi ta ba ta wuta a tsaye, ta yi ƙara lafiya lau, ya ce, "Ka ji ta ai, ta warke." Iliyasu zai fito da ita babu kowa a ciki, ta tafi sumul. Amma da ya gwada ta da buhuna a hanyar gona, sai ta sake shaƙewa. Abin da ya fi tsorata shi ke nan: ciwon da ke ɓuya in an zo dubawa.

Wani abokinsa ya tura shi wurin Maharazu, wani tsohon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya a bayan kasuwar Kura. Maharazu bai ko buɗe bonet ba. Ya ba shi benci, ya zauna yana tambaya.

"Da sanyin safiya take yi, ko in ta ɗau zafi?"

"Duka."

"A kan gudu fa?"

"A'a. Sai in zan tashi daga tsaye."

"Da kaya ko babu?"

Iliyasu ya yi tunani. "Da kaya. Ban taɓa jin ta yi babu kaya ba."

"In ka lallaɓa ta fa, ka taka a hankali?"

"Ba ta yi. Sai na taka da ƙarfi."

"Wato sai lokacin da ka fi buƙatarta," in ji Maharazu. Ya miƙe. "Samo buhu shida. Ina so in ji da jikina."

Suka ari buhuna a wani injin casa, suka nufi hanyar da ke bin gefen kanal, inda akwai wata 'yar gada mai hawa. An sako ruwa a makon, kanal ya cika fal yana gudu. Maharazu ya ce ya tsaya a gindin hawan, sannan ya taka kamar tirela na tafe.

Iliyasu ya dubi gadar. Gadar ba ta da shinge, faɗinta kuma da kaɗan ya fi na motar.

"Malam Maharazu, in ta fizga a kan gadar nan fa?"

"Hannuna na kan birkin hannu. Bismillah."

Ya taka. Motar ta hau rabi ta shaƙe, ta fara silalowa baya, tayar baya tana neman gefen ruwa. A ƙarƙashin bonet wani abu ya yi ƙum. Maharazu ya ja birki da ƙarfi, suka tsaya cak. Iliyasu ya leƙa ta taga ya ga ruwa a ƙasansa, tsakaninsa da taya bai fi taki ɗaya ba.

"Ka ji wannan ƙum ɗin?" in ji Maharazu, yana share goshi.

"Kullum tana yi. Na ɗauka tsufa ne."

Suka lallaɓa suka koma fili. Maharazu ya sa duwatsu a gaban tayoyi, ya buɗe bonet, ya tsaya a gefe. Ya ce Iliyasu ya ja birkin hannu, ya sa giya ɗaya, ya ɗan saki kuloci ya ba ta wuta. Ya yi. Nan take ta shaƙe.

"Kashe! Zo ka gani."

Ya nuna masa wata baƙar roba mai kauri kamar maƙogwaro, wadda iska ke bi ta shiga injin. Daga sama lafiyarta ƙalau. Ya sa hannu ya tanƙwara ta, sai ga tsaga a ƙasanta ta buɗe baki, yatsa biyu za su shiga.

"Robar da injin ke zaune a kai ta mutu," in ji shi. "In ka taka da ƙarfi da kaya, injin sai ya ɗaga ya karkata. In ya karkata sai ya ja wannan, tsagar ta buɗe, iska ta yi masa yawa, mai ya yi kaɗan, ya shaƙe. In ya koma mazauninsa tsagar ta rufe, shi ne take fizga. A gareji kuwa injin ba ya motsi, to wa zai gani?"

Iliyasu ya sa yatsansa a tsagar.

Washegari Maharazu ya shiga Kano ya samo robobin biyu, kafin la'asar ya ɗaura. Suka koma gadar da buhuna, sau bakwai suna hawa, ba ta yi ko tari ba.

Motar ta warke, amma Iliyasu bai koma yadda yake ba. Ranar da ya fara fita da fasinja, ya kai minti goma a bakin titin Zariya, na bayansa suna ta oda, sai da ya ga babu ko keke sannan ya tsallaka. Har yanzu haka yake yi. 'Yan tasha suna tsokanarsa, wasu samari ma ba sa shiga motarsa in suna sauri. Matan shinkafa sun dawo da ɗaiɗai, ban da biyu da suka koma bin wani direban Garun Malam.

Ya kuma ɗauki wata ɗabi'a da ke ba kanikawa haushi. Ko ƙara kaɗan ya ji a motar, sai ya sauke fasinja a inda yake, ya tsayar musu da wata, shi kuma ya juya ya nufi darbejiyar Maharazu. A watan jiya sau uku ya je. Biyu daga ciki ba a sami komai ba. Na ukun kuwa tiyon birki ne ya fara yoyo.