Kwamfutata a Kan Ƙanƙarar Goggo

Jama'a, ƙanƙarar Goggo ta cece ni yau!

Da azahar nake intabiyun tallafin karatu ta bidiyo. Zafin garin Garwa ya dafa kwamfutata, hotona ya tsaya cak. Na rufe sauran shafuka, a banza. Madam mai tambayoyi ta ce, "Ba ma ganinki. Minti biyu, ko mu kira na gaba."

Sai ga Goggo da kular zoɓonta. Ta taɓa kwamfutar ta ce, "Ke, ai zazzaɓi take yi!" Ta jera ƙanƙara, ta kifa faranti a kai, ta ɗora kwamfutar.

Hoto ya dawo tar! Na amsa komai. Madam na cewa na wuce zuwa zagaye na biyu, Goggo ta leƙo ta rangaɗa mata guɗa!